Ya Kai Likita, Shirunka Ma Abin Tambaya Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wannan nasiha ce ga 'yan'uwana ma'aikatan lafiya: likitoci, nas-nas, unguwarzoma, masu ba da magani, masu gwajin jini, har da ɗaliban da ke koyon aiki a bayanmu.

Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, ya ce sun fita wata tafiya, sai dutse ya rotse wa wani daga cikinsu kai. Da mutumin ya kwanta sai ya yi mafarki, wanka ya hau kansa. Ya tambayi abokan tafiya ko suna ganin yana da rangwamen yin taimama. Suka ce ba su ga wani rangwame gare shi ba, tunda ga ruwa. Ya yi wanka, ya rasu. Da suka dawo aka ba Manzon Allah (SAW) labari, sai ya ce: "Sun kashe shi, Allah Ya kashe su! Me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba? Ai maganin rashin sani tambaya ce." Abu Dawuda ne ya ruwaito.

Ku dubi wannan magana da kyau. Mutanen nan sahabbai ne, ba su nufe shi da sharri ba, alheri suka so masa. Kuma babu wanda ya kai Annabi (SAW) sanin cewa ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma bai ce "kwanansa ne ya ƙare" ya yi shiru ba. Cewa ya yi sun kashe shi, ya kuma faɗi dalilin: sun yi magana a kan abin da ba su da iliminsa, rai ya salwanta.

To mu dawo asibitocinmu, mu gaya wa juna gaskiya. A kusan ko'ina ma'aikata sun san wanda hannunsa ba shi da kyau. Ba a rubuta ba, ba a faɗa a taro ba, amma kowa ya sani. Ranar da matar ma'aikaci ta fara naƙuda, abu na farko da zai yi shi ne ya leƙa takardar jerin masu aiki da ke manne a bango, ya ga wa ke kwana yau. In ya ga sunan nan, sai ya ɗauki waya ya kira wani likitan: "Don Allah ranka ya daɗe, ka taimaka ka shigo, iyalina ce." Ya tserar da tasa. Amma matar da aka ɗauko daga ƙauye cikin dare, an shimfiɗe ta a bayan a-kori-kura, mijinta ya sayar da akuya ya ƙulle kuɗin a aljihu, ita wa zai duba mata takardar bango? Gadon da ka hana a kwantar da matarka a kai, a nan za a kwantar da ita, kana tsaye kana kallo. Annabi (SAW) ya ce imanin ɗayanku ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Ina imanin namu a wannan daren?

Kuma kun san irin abin da nake nufi. A zuba allurar naƙuda cikin ruwa a buɗe ta da gudu ga macen da ƙugunta ya kasa fitar da yaro, ba mai tsayawa a kanta, har mahaifa ta fashe. A soka wa yaro allura a tsakiyar ɗuwawu ba a gefen sama ba, a taɓa jijiya, ƙafa ta shanye, iyaye su koma gida suna cewa iska ce ta buge shi. A rufe ciki ba a ƙirga auduga da kayan aiki ba. A ɗaura jini ba a tsaya an daidaita sunan da ke jikin leda da na majinyaci ba. Mutum bai iya tiyatar ba, ya san bai iya ba, amma girman kai ya hana shi kiran na gaba da shi ko tura majinyacin inda za a iya. A ƙarshe sai a buɗe fayil a gyara rubutu.

Ba kuskure nake magana a kai ba. Duk mai aiki da hannunsa zai yi kuskure, balle a inda likita ɗaya ke riƙe da ɗakuna uku, wuta ta ɗauke, jini babu, abokan aiki da yawa sun tafi ƙasashen waje. Malamanmu sun bambanta ƙwararren da ya bi ƙa'ida aka samu akasi, da wanda ya kutsa cikin abin da bai sani ba. A kan na biyun ne hadisi ya zo: "Duk wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi ne mai lamuni." Wato shi zai ɗauki alhakin ɓarnar da ta faru. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito. Ibnu Rushd, malaminmu na Malikiyya, ya kawo cewa babu saɓani a kan lamunin wanda ba ma'abocin likitanci ba ne, domin shi mai ƙetare iyaka ne. Kuma takardar shaida ba ta mayar da mutum ma'abocin kowane fanni. Wanda ya ƙware a duba yara, ranar da ya ɗauki wuƙa zai yi aikin da bai koya ba, alhali akwai inda zai tura, ya shiga ƙarƙashin wannan hadisi.

Maganata a kan mai maimaitawa ce, wanda aka gaya masa ya ƙi ji, da kuma mu da muke gani muna kawar da kai.

Uzurinmu na farko shi ne rufin asiri. "A rufa masa asiri, yana da iyali, kada a taɓa masa abinci." Gaskiya ne, wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Sai dai malamai sun yi bayani cewa wannan a kan laifin da ya riga ya wuce ne, daga mutumin da ba a san shi da ɓarna ba. Cutar da ke gudana, wadda gobe za ta faɗa kan wani, ba ta shiga nan. Da ka san motar haya ba ta da birki, ka iske ana loda mata fasinja a tasha, za ka yi shiru don direban yana da iyali? Su fasinjan ba su da iyali ne? Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, daga ciki akwai neman taimakon wanda zai iya kawar da mummunan abu, da gargaɗin Musulmi daga sharri. Fatima 'yar Ƙais ta zo wa Annabi (SAW) da shawarar maza biyu da ke neman aurenta, ya gaya mata aibin kowannensu ƙarara: ɗaya ba shi da dukiya, ɗaya ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa. In an faɗi aibi saboda aure, ina ga rai?

Uzuri na biyu ƙaddara, kuma wannan ya fi ci mini rai, domin da imanin bayin Allah ake fakewa. Talaka ya rasa matarsa, a fito a ce masa "sai haƙuri, mun yi iya ƙoƙarinmu, haka Allah Ya so." Ya share hawaye ya ce "na bar wa Allah," har ya yi mana godiya ya ɗauki gawa. Shi ya samu ladan haƙurinsa. Mu fa da muka san abin da ya faru a ɗakin? Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da mutane daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ƙaddara abin lallashin wanda musiba ta sama ce, ba a ba mai sakaci ita don ya wanke hannunsa ba. Kuma ku ji tsoron kalmar nan "na bar wa Allah". Ƙara ce aka shigar a kotun da ba a gyara fayil. Allah Ya ce: "Kada ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta to zuciyarsa mai zunubi ce" (Baƙara, 283).

Sai tsoro, wanda shi ne gaskiyar lamarin ga yawancinmu. Oga ne, shi zai sa mini hannu, shi zai zauna a jarrabawata. Nas ta ga likita ya rubuta adadin maganin da ya wuce ƙima ga jariri, ta san in ta yi magana za a ce mata "ke ce likitan ko ni?" a gaban majinyata. Ba zan ce muku abin ba shi da tsada ba. A asibitin Biristol da ke Ingila, wani likitan sa barci mai suna Stephen Bolsin ya lura yara na mutuwa fiye da ƙima a tiyatar zuciya. Ya yi shekaru yana tattara alƙaluma yana kai kuka, manya suna toshe kunne. A watan Janairun 1995 aka yi wa wani yaro da bai kai shekara biyu ba tiyata duk da gargaɗin da ya yi, yaron ya rasu. A 1998 hukumar likitocin ƙasar ta soke lasisin mutum biyu, kuma binciken da ya fito a 2001 ya nuna yara 30 zuwa 35 ne suka mutu tsakanin 1991 da 1995 fiye da abin da ake tsammani a irin wannan aiki. Shi kuwa Bolsin zaman Ingila ya gagare shi, sai Ostareliya ya koma da aiki. Ya rasa wurinsa, amma an daina yanka yaran mutane a hannun da bai iya ba. Mu da muka karanta cewa wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya (Ma'ida, 32), muka kuma yi imani arziki a hannun Allah yake, me za mu ce?

Tantance likitoci ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A shekara ta 319 bayan hijira, wato 931, labari ya kai wa Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani ya mutu saboda kuskuren likita. Ya ba da umarni a dakatar da masu magani, kada wanda ya taɓa majinyaci sai babban likita Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi ya ba shi izinin fannin da ya iya. Sama da mutum 860 aka tantance. Mutuwar mutum ɗaya ce ta jawo wannan.

Yadda za a yi maganar kuwa, addini bai bar mu a duhu ba. Ka fara da zuciyarka, ka tabbata ba hassada ko tsohuwar gaba ke tura ka ba, domin akwai masu fakewa da kishin majinyata su rama abin da ke ransu. Ka tabbatar da abin da ka gani da idonka, ba ji-ta-ji-tar ɗakin shan shayi ba. Sannan ka same shi shi kaɗai, ka rufe ƙofa, ka buɗe fayil ɗin a gabansa: "Ɗan'uwa, zo mu sake duba wannan tare." Da yawa a nan suke gyaruwa. Wani ba a taɓa koya masa daidai ba ne, wani gajiya ce ta cinye shi, wani rashin lafiya ko shaye-shaye ya kama shi yana buƙatar a ceto shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Annabi (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, da aka tambaye shi yaya za a taimaki azzalumi, ya ce ka hana shi zaluncin, wannan shi ne taimakonsa.

In ya ƙi, ka kai wa shugaban sashe, a rubuce, da kwanan wata. In aka danne, ka hau sama. A Najeriya akwai hukumar MDCN mai rajistar likitoci, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya dakatar da likita ko soke sunansa, nas-nas da unguwarzoma ma suna da tasu hukumar. Abin da ba ya halatta shi ne ka ɗauki hoton majinyaci ko fayil ɗinsa ka watsa a Facebook da sunan tonon gaskiya. Wannan cin amanar wanda kake cewa kana karewa ne.

Amma duk wannan bi-a-hankali na lokacin da akwai sarari ne. In majinyaci na kwance, sirinji na hannu, kuma ka ga abin da zai kashe shi, babu jiran a keɓe. Ka ce "a dakata" da ladabi, da murya mai fita, ko wane ne a wurin. A yi fushi da kai daga baya.

Ku kuma manyanmu, ku ji tsoron Allah a kan na ƙasa da ku. In ƙaramin likita ya kira ka ƙarfe biyun dare ka balbale shi da faɗa, gobe ba zai kira ba, zai yi abin da ya ga dama da ran mutum, kuma kana da kaso a ciki. In nas ta tsayar da kai, ka duba kafin ka hau ta. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambaya 48, ya ce "ban sani ba" a 32 daga ciki, kuma shi ne malamin Madina. Ɗalibanku su riƙa jin wannan kalma daga bakinku a zagayen safe, don su san ba abin kunya ba ce.

'Yan'uwa masu jinya, ku ma kuna da haƙƙin tambaya: wane magani ne wannan, me ya sa za a yi aikin, wa zai yi shi. In kun ga alamar sakaci ku kai ƙara ga hukumar asibiti, ba tare da zagi ko dukan ma'aikaci ba, domin wanda kuka huce a kansa sau da yawa ba shi ne mai laifin ba. Neman bayani bai saɓa wa tawakkali ba, kuma ƙarar da kuka kai tana iya tsare wanda zai hau gadon bayan naku.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hannunmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya da na karɓarta. Amin.