Kafin ka ce wa malam "ba a yi rubutu a kai ba"

Ƙannena ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe a Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere, don Allah ku rage saurin cewa babu wanda ya taɓa rubutu kan batunku. Sau tari rubutun yana nan, neman ne ba a iya ba. Sai ka ga yaro ya kwashi taken bincikensa ɗungurungum ya zuba a Google Scholar, shafin Google na neman takardun bincike, ya leƙa shafin farko, ya kashe waya yana tsaki. Wallahi abin yana damuna, domin ga ilimin a gabansa.

Rumbun bayanai ba ya son dogon zance. Tsamo kalmomi biyu ko uku waɗanda su ne ƙashin bayan batun, ka haɗa su da AND, don ya kawo maka takardun da ke ɗauke da su duka. Abin da ke da suna biyu a Turance, sa OR a tsakani ya kawo kowanne daga ciki, don mai rubutu kan masara wani maize zai ce, wani corn. Kalmomin da dole su zo a jere kuma, killace su da alamar zance.

Mu 'yan Gombe muna da tamu matsalar. Rubuta Gombe kawai, sai takardu kan birai su cika maka fuska, saboda akwai gandun daji mai wannan suna a Tanzaniya, inda masaniyar dabbobi Jane Goodall ta fara nazarinsu a 1960. Ƙara sunan Najeriya, za su ragu. Sannan ka tuna sai a 1996 aka cire jiharmu daga Bauchi. Binciken da aka yi kafin nan kan Kaltungo, Dukku ko Billiri, sau tari da sunan Bauchi aka buga shi. Wanda bai nemi Bauchi ba ya bar aikin magabata a baya.

Kada kuma ka liƙe wa rumbu ɗaya. AJOL ya tara mujallun Afirka, PubMed na fannin lafiya ne. Taka ka je ɗakin karatu ka tambayi ma'aikatan ko makarantarku tana da rajistar Hinari ko AGORA, tsare-tsaren da ke buɗe wa makarantu mujallun bincike kyauta ko da rangwame. Ba su ƙi a tambaye su ba.

In ka dace da takarda mai kyau, bi sawun waɗanda ta ambata da waɗanda suka ambace ta daga baya. Amma karanta taƙaitawar da ke samanta tukuna kafin ka sauke, data ba ta da araha yanzu.