Yadda aka maida ni azzalumin lanlod a bidiyon waƙa

Ɗan yayata ya zama mawaƙi. Ba wanda ya naɗa shi fa, kawai ya tashi wata rana ya rataya sarƙa a wuya ya ce daga yau kar a ƙara kiranshi da sunan da aka yanka mishi rago. Tun 2020 da yaran Kumasi suka ɓarke da kiɗan Asakaa, wanda asalinshi daga Chikago ya taso ya biyo ta Landan, har suka laƙaba ma garin Kumerica da tutarsu, yaron nan bai ƙara yin wuni cikakke a shagon ɗinkina na Aboabo ba. Su da yaren Tuwi suke yi, shi ya ce nashi da Hausar zango zai yi, ai yaran unguwar Nima ta Accra ma sun daɗe suna zuba Hausa a kiɗan hiplife.

Ranan ya shigo ya durƙusa har ƙasa, ni kuma duk ranar da ya durƙusa na san da magana. Wai Kawu za mu yi bidiyo, darakta ya ce yana neman dattijo mai kwarjini, babban mutum wanda in ya tsaya kowa zai san Alhaji ne. Na ce waƙar me? Ya ce waƙar wahalar talaka. To wa zai ƙi taimakon talaka? Na ciro babbar rigata ta Sallah, shadda ce fara da na yi ma aiki da hannuna, na kafa hula, na sa turare duk da na san kyamara ba ta jin ƙamshi.

Abun da na gani a wurin ya isa labari shi kaɗai. Motar haya ce, da awa ake biya, mai ita na zaune gefe a kan benci da makulli a aljihu, ba a ma tayar da ita ba. Yaron ya zauna a ciki yana juya sitiyari, wasu ƙatti biyu na baya suna girgiza motar, ɗaya na kaɗa reshen bishiya gaban fitila don inuwa ta dinga wucewa ta fuskarshi. Damin kuɗin da yake fifita da shi kuwa takardar sidi 200 ɗaya ce a sama ɗaya a ƙasa, tsakiya duk yankakkiyar jarida, kuma ta saman ma a wurina aka ara. Gidan da ya jingina da get ɗinshi a Ahodwo ba mu san mai shi ba, kare ne ya sallame mu.

Yaron nan gajere ne, kafaɗata ya tsaya. Mai kyamara ya kwanta a ƙasa bakin gwata ya ɗauke shi daga can, na leƙa allon sai ga ɗan yayata ya fi hasumiyar masallaci tsawo. Sai kuma suka ƙara ma waƙar gudu muryar ta tsuke, shi kuma yana bi da baki yana haki, na ce lafiya? Darakta ya ce Kawu muna ɗaukar hoto 60 a daƙiƙa ɗaya ne, in mun je kwamfuta za mu maida shi 24, tafiyar ta zama a hankali irin ta manya amma bakin ya dace da waƙar. Wlh har na ji yaron ya burge ni, ashe da ilimi a cikin shiriritar.

Ni nawa aikin ba wuya. Kawu tsaya nan. Kawu riƙe makullan nan ka kaɗa. Aka sayo mini tsire aka ce in ci, na ci, ai ba a gardama da tsire. Darakta ya ba ni labarin wani direban pragya, keken haya mai ƙafa uku, da fasinja ya gudu mishi da canji, na yi dariya har da riƙe ciki, ashe suna ɗauka. Can wata akuya ta lallaɓo ta kama gefen rigata tana tauna, shaddar Sallah fa, na zabura na ce fita! fita nan, 'yar banza! ina nuna ta da makullai. Darakta ya tafa ya ce shikenan Kawu mun gama, kai ɗan wasa ne tun daga ciki. Na koma gida ina gaya ma maman yara ta shirya, mijinta zai fito a YouTube.

Da ya fito, a wayar babbar 'yata muka kalla, duk gida an taru har da maƙwabta.

Waƙar ashe ta masu gidan haya ce, masu cewa sai ka biya kuɗin shekara biyu gaba ɗaya kafin su ba ka makulli, alhali dokar haya ta 1963 ta ce kar a karɓi fiye da na wata shida. Magana ce mai kyau, ni ma tana ci mini tuwo a ƙwarya. Sai ga wata mata da goyo tana kuka an watso mata tukwane waje, matar da ban taɓa gani ba a rayuwata, wata rana daban aka ɗauke ta a Sawaba. Daga ita sai ni, ina nuni da makullai, fita! fita nan! Akuyar babu ita, an yanke ta. Aka dawo kan jaririn yana tsala ihu, aka dawo kaina ina dariya ina riƙe ciki. Sannan tsiren, a hankali a hankali, mai yana bin gemuna, an matso da kyamara dab da fuskata hancina ya cika waya. Ni an rina ni da wani kala kore-kore mai duhu, shaddata fara ta koma ruwan toka, shi kuwa gogan duk inda ya fito rana ce ta la'asar ke zuba a kanshi, ya ɗaga matar, ya zaro damin jarida ya miƙa mata.

Ni tela ne, na san yadi ɗaya za ka yanka ka fitar da rigar liman ko wandon ɗan daba, ya danganta da inda ka sa almakashi da abun da ka haɗa da wane. Amma ban taɓa zaton za a yi ɗinkin da ni ba. Babu kalma ɗaya da suka sa mini a baki, duk ni na faɗa, kuma duk ƙarya ce.

Falo ya yi tsit. Maman yara ta kalle ni ta ce Malam, wannan matar wace ce? Na ce akuya ce. Wannan amsar ba ta taimake ni ba.

Washegari mai kokon da nake saye wurinta shekara da shekaru ta zuba mini ba ƙosai, ta ce Alhaji a dinga jin tsoron Allah. A trotro zuwa Kejetia karen mota ya ƙi ba ni canji wai in cire a kuɗin haya. Yaya kuma ta kira tana murna wai ɗanta ya yi mota, in gaya mishi ya zo ya kai ta asibiti ranar Litinin. Shi ma gogan bai tsira ba, duk wanda ke binshi bashi daga Asawase har Alabar ya ga damin kuɗi, yanzu a bayan shagona yake ɓuya yana sa maɓalli.

Jiya bayan Magariba Alhajin da nake haya a gidanshi, ainihin lanlod ɗin, ya aiko a kira ni. Na je na gaishe shi, ya juyo mini da waya daidai inda nake cin tsire. Ya ce Malam ashe kai ma kana da gidaje ka ɓoye mana, to tunda abokin sana'a ne kai ka san yadda siminti ya yi tsada, daga watan gobe akwai ƙari. Na fara mishi bayanin akuya, ya ɗaga hannu ya ce a'a ba sai ka ce komai ba, ni ma duk wanda na kora haka nake cewa.