Kwamfuta ba za ta auna gubar da ke cikin wakenmu ba

Tun da Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ba da umarni a watan Afrilun 2025 cewa jarrabawar WAEC da NECO ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2026, muhawarar ta tsaya a wuri guda: ina kwamfutocin suke, ina wutar lantarki, wa zai kai intanet ƙauye. Tambayoyi ne masu ma'ana, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da aka tsallake. Wannan ɗalibin kimiyya da za a zaunar gaban allo ya danna amsa, ya taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunsa? Gwamnati ta nuna cewa idan ta ga dama tana iya sa wa'adi, ta ce kowace makaranta ta shirya kafin lokaci kaza. To me ya hana a taɓa sa irin wannan wa'adin a kan ɗakin gwajin kimiyya?

Duk wanda ya yi sakandaren gwamnati a ƙasar nan ya san ɗakin da nake nufi. Teburan siminti, famfon da ba ya kawo ruwa, bututun gas da ba a taɓa ganin harshen wuta a bakinsa ba, da kabad ɗin da aka rufe da kwaɗo. Sinadarai ba sa shigowa sai ana saura kwanaki a yi firaktikal, lokacin da hukumar jarrabawa ta aiko da jerin abin da za a tanada. A makarantu da yawa malami ne ke ɗiga asid ɗin shi kaɗai har launin ruwan ya juya, ya karanta ma'auni, yara su kwafa. Masu rubuta jarrabawa daga waje kuwa an daɗe da yi musu wata takarda da ke maye gurbin firaktikal ɗin, wato a bayyana gwajin da biro ba tare da an yi shi ba. Haka yaro zai fito da sakamako mai kyau a kemistiri alhali bai taɓa jin warin amoniya ba.

Yanzu kuma an samo wa wannan sakacin uzuri mai ƙyalli. Ana cewa zamanin kwalba da bututu ya wuce, makomar kimiyyar sinadarai tana cikin ƙirƙirarriyar basira, don haka a koya wa matasa rubuta manhaja, a sa musu ɗakin gwaji na cikin allo, shi ke nan mun kama duniya. Hujjar da ake yawan kawowa ita ce kyautar Nobel ta kemistiri ta 2024, wadda aka raba tsakanin David Baker na Jami'ar Washington da kuma Demis Hassabis da John Jumper na kamfanin Google DeepMind, saboda aikin gano siffar furotin da ƙera sabo ta hanyar kwamfuta.

Masu kawo wannan hujja sun karanta kanun labarin ne kawai. Manhajar AlphaFold, wadda DeepMind ya ƙera don hasashen siffar furotin, ba daga iska ta koyi aikinta ba. An ciyar da ita ne da rumbun siffofin furotin da aka kafa tun 1971, wanda ya fara da siffofi 7 kacal, ya kai sama da 100,000 kafin a horar da ita. Kowace siffa a cikin rumbun nan gumin wani ne: ya tace furotin, ya yi ta fama har ya daskare, ya haska masa eksire, wani lokaci aikin shekaru a kan ƙwaya ɗaya. Ƙasashen da ke cin ribar ƙirƙirarriyar basira a kimiyyar sinadarai su ne waɗanda suka shafe rabin ƙarni suna zuba kuɗi a ɗakunan gwaji, kuma har gobe duk abin da kwamfuta ta yi hasashe sai an koma tebur an haɗa shi an gani. Wanda bai da teburin fa, hasashen me zai tabbatar?

A duba Indiya, wadda 'yan bokonmu ke son misali da ita idan ana maganar manhaja. Kafin Bangalore ta yi suna da kwamfuta, Indiya ta buɗe babban ɗakin binciken sinadarai na ƙasa a Pune a 1950, ta kafa kamfanin magani na gwamnati a 1954, sannan dokarta ta 1970 ta ba masananta damar haɗa maganin da aka ƙirƙira a waje matuƙar sun bi wata hanyar haɗawa ta daban. Wannan aiki ne na masanan sinadarai da suka iya hannu. Shi ya sa yau idan ka juya kwalin maganin da ka saya a Sabon Gari ko kasuwar Gusau, da wuya ka rasa sunan wani gari na Indiya a bayansa.

Ni a wajena, makomar wannan ilimi a Najeriya ta fara ne daga abin da ba shi da armashi a taron manema labarai, wato awo. Mu iya ɗaukar wake, ko ruwa, ko ƙasa, ko sirof ɗin yara, mu faɗi abin da ke ciki da adadinsa, cikin kwana ɗaya ko biyu, a nan gida. Rashin wannan ya sha kashe mu, kuma ba a da can ba.

A 2010 yara aƙalla 400 suka mutu a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda gubar dalma. Ana kawo duwatsun zinare cikin gida, ana daka su, ana niƙa su a injin, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. An yi ta ɗauka zazzaɓi ne ke sa su jijjiga. Sai da ƙungiyar likitocin MSF ta lura da yawan mace-macen, aka gwada jini, masana daga waje suka zo da na'urorin auna ƙasa, kafin aka san abokin gabar. Garin Bagega bai samu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai 2013. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Auna dalma a ƙasa ko a jini ba sihiri ba ne, aiki ne da ya kamata a ce kowace jihar da ake haƙar ma'adinai tana da wurin yinsa, da ma'aikatan da ke fita ƙauye ba sai an fara binne yara ba.

A 2008 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara sama da 80, saboda an haɗa shi da wani sinadarin masana'antu mai lalata ƙoda a madadin wanda aka halatta. Irin wannan sinadarin ne ya kashe yara sama da 100 a ƙasar nan a 1990 ta hanyar sirof ɗin farasitamol, kuma shi ne aka samu a maganin tarin da ya hallaka yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Gwajin da zai bambance sinadaran biyu sananne ne, ana koyar da shi a jami'a. A farkon 2022 an shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, layin mai ya dawo na makonni, kuma bayanin da NNPC ta bayar shi ne cewa gwajin da aka saba yi bai haɗa da auna metanol ba. Ƙasar da ta fi kowa haƙo mai a Afirka ke nan.

Manomi ma yana biyan kuɗin wannan jahilci ko bai sani ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an riƙa samun maganin ƙwarin nan da ake haɗa fiya-fiya da shi a jikinsa, ninkin-ba-ninkin abin da dokarsu ta yarda. Turawa sun auna, sun rufe ƙofarsu. Waken da suka ƙi bai ɓace ba, shi ne a tukunyarmu, shi ne ƙosan da ake saya wa yara da safe, kuma babu mai aunawa a Dawanau kafin a ɗora buhu a mota. Haka ruwan da ke fita daga masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa, wanda ke ɗauke da sinadarin kuromiyom, yake gangarawa inda ake noman rani. Malaman jami'o'inmu sun yi rubuce-rubuce a kai ba adadi, amma rubutu ɗaya a mujalla ba ya zama tsarin sa ido na kullum.

Wasu za su ce ai akwai NAFDAC da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki. Akwai su, kuma suna da ɗakunan gwaji, sai dai 'yan ƙalilan ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma ba hukuma ce ke haifar ƙwararru ba, makaranta ce.

A ɓangaren masana'antu labarin ya fi ɗaci, domin mun taɓa farawa. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an ƙara mata sashen sinadarai a ƙarshen shekarun 1980, mai samar da sinadarin da ake haɗa garin sabulun wanki da shi. A Kaduna kuma akwai kamfanin takin sufa na gwamnatin tarayya, ga dutsen fosfet a ƙasar Sakkwato. Masaƙun Kakuri da na Kano suna buƙatar masana rini da wanki. Duk waɗannan wurare ne da ɗalibin kemistiri ke zuwa koyon aiki, ya ga abin da ya karanta yana tafasa a tukunyar ƙarfe. Da suka mutu, ba aikin yi kaɗai aka rasa ba, an rasa makarantar da babu jami'ar da za ta maye gurbinta. Yau mai digirin kemistiri, in ya yi sa'a, banki ne ko koyarwa a makarantar kuɗi. In bai yi ba, sana'ar POS.

Ba na musun cewa akwai abin farin ciki. Kamfanin takin Dangote da aka ƙaddamar a 2022 yana iya fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara, Indorama na aiki a Eleme, matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da fetur a 2024, daga baya ta shiga samar da sinadarin roba. Amma manyan masana'antu biyu ko uku ba su ne masana'antar sinadarai ba. Ribar tana cikin ɗaruruwan ƙananan kamfanonin da ke karɓar wannan ɗanyen kaya su mayar da shi fenti, gam, maganin feshi, rini, da sinadarin magani. A nan ne muke fanko. Lokacin da kamfanin magani na GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai-tsaye a Najeriya a 2023, takwaransa Sanofi ya bi sahu, kowa ya ga yadda kuɗin maganin asma da na kashe ƙwayoyin cuta ya yi tashin gwauron zabo. Shugaba Tinubu ya sa hannu a 2024 kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magani da injinansa na shekara biyu. Ya rage raɗaɗi, amma ma'anarsa ita ce a sauƙaƙa shigo da garin maganin daga Indiya da Chaina, mu kuma mu matse shi ya zama ƙwaya. Asalin sinadarin da ke warkarwa kusan duka daga waje yake zuwa, kuma cire haraji ba zai koya wa kowa haɗa shi ba.

Jami'o'in da ya kamata su koyar kuwa, an bar su da na'urorin da ba sa aiki. Kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ya gina ɗakunan karatu da ƙofofi masu kyau, an kuma sayo manyan na'urori a wurare da dama. Amma na'urar awo ba kujera ba ce da za a ajiye a manta. Tana son wutar da ba ta yankewa, da iskar gas ta musamman, da ɗaki mai sanyi, da ƙwararren ma'aikacin da zai gyara ta, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yanke masa kyalle a ɗauki hoto, shi ya sa ba a sa su a kasafi. Ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024, da ya kai naira 225 kan kowane ma'auni ga rukunin farko na masu amfani da wuta, ya sa wasu jami'o'i sun koma raba wuta da awa. Ɗalibin digiri na uku sai ya biya daga aljihunsa ya aika samfurinsa wata ƙasa, ya jira watanni. Ga NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, a Basawa, ga cibiyar binciken fata a Samaru, dukkansu a Zariya, an kafa su domin irin wannan aiki. Masu ƙananan masana'antu nawa ne a Kano suka san za su iya kai musu matsala su dawo da amsa? Ƙasashen Afirka sun daɗe da yi wa kansu alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a kan bincike, Najeriya ba ta ko kusanci wannan ba.

Masu cewa babu kuɗi, su fara gaya mana kuɗin da za a kashe wajen cika dubban cibiyoyin jarrabawa da kwamfutoci. Masu cewa ɗakin gwaji na cikin allo ya fi aminci kuwa, ban ga wanda zai yarda a haɗa wa ɗansa sirof da hannun da bai taɓa auna komai a sikeli ba.

Ban ce a jefar da kwamfuta ba. Masanin sinadarai na gobe dole ya iya ta, kuma in jarrabawa a kanta za ta rage satar amsa, madalla. Abin da nake cewa shi ne a jera abubuwa yadda suka dace. Kada WAEC da NECO su amince da makaranta a matsayin cibiyar jarrabawar kimiyya sai an je an ga ruwa, gas da sinadarai a tsakiyar zango, ba ranar da aka san masu duba za su zo ba. Makarantun da ba su da hali a haɗa su su yi tarayya a ɗaki ɗaya mai kyau a kowace ƙaramar hukuma. Daga kuɗin TETFund a ware kaso na dole domin wuta, gyara da albashin masu kula da na'urori. Kowace shiyya ta samu babban ɗakin awo guda da duniya ta yarda da sakamakonsa, wanda ɗan kasuwar Dawanau da mai haƙar zinare a Anka da asibitin jiha za su iya kai samfuri su biya kuɗi kaɗan. Gwamnatin tarayya ta dakatar da buɗe sabbin manyan makarantunta na shekara bakwai tun daga Agustan 2025, kuma na goyi bayan hakan. Kuɗin da za a ce an yi tsiminsa, majalisa ta tambayi ministan nawa ne daga ciki zai shiga ɗakunan gwajin jami'o'in da muke da su, kuma a wace shekara.