Karnukan unguwarmu sun kai ni bango

Wallahi na gaji da karnukan unguwarmu! Wai a Niyok ta Amurka har fili ake killace wa kare, da shinge da ruwan sha, matafiyi ya je da nasa ya sake shi ya yi guje-guje. Mu nan Maraɗi fa? Gari duka filinsu ne, mu ne baƙin! Ƙarfe 2 na dare, zafi ya koro mutum tsakar gida, ido ya fara lumshewa ke nan, sai ɗaya ya ɗaga murya daga bakin juji, na unguwar Zariya su amsa, na unguwar Ali Ɗan Sofo su karɓa, kai ka ce har Jibiya ana jin su. Ka fito sallar asuba, ga su bakwai kwance ƙofar masallaci, wani baƙi mai yagaggen kunne yana zare maka ido kamar ka ci bashinsa. Shekaranjiya suka bi ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni, na ɗage ƙafafu sama, takalmina ɗaya can ya tsaya. Kajin Inna uku fa, ina suke? Ka yi magana, maƙwabci ya ce: "Haba Malam, ai ba ya cizo." Ba ya cizo? To haƙoran nan na ado ne? Wandona da ya yage, aljani ne ya ja shi?