Sunanka yana kan takarda, hannunka fa?

Salamu alaikum ƴan uwana ɗalibai, musamman mu da muka fito daga ƙauye, ko a Dutse kake karatu ko Kafin Hausa ko Wudil ko cikin birni. Akwai abin da muka raina alhali wallahi haƙƙi ne zalla.

Zangon da ya wuce lakcara ya raba mu guruf guruf, namu mu 8 ne, aikin maki 10, ya ba mu sati 3 aka ce ni ne lida. Mu 3 muka yi aikin nan, mu ne laburare mu ne sayen data mu ne kuɗin firintin, ana gobe za a kai sai WhatsApp ɗina ya cika da lida don Allah ga lambata a saka. Kuma na saka duka, kunya da kara suka hana ni cewa komai.

Sai da na dawo gida hutu Baba ya kira gayya a gonar gero, na ga wani bai iso ba sai da aka kawo fura ƙarƙashin marke, ko fartanya bai riƙo ba. Ba wanda ya tanka masa amma kowa ya san waye ya yi kuyya nawa. A nan jikina ya yi sanyi, don shi wannan fura kawai ya sha, ni kuwa da hannuna na rubuta wa malami cewa mutum 5 sun yi abin da ba su yi ba. Me ake kiran wannan in ba shaidar zur ba?

Ku duba Suratu Ali Imrana aya ta 188, Allah ya yi gargaɗi mai tsanani ga masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba. Kuma a Sahihu Muslim Annabi SAW ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Mun ɗauka algus sai a mudun kasuwa, to maki ma awo ne, da shi za ka karɓi takardar da za ka ci abinci da ita har ka ciyar da ƴaƴanka.

Amma fa kar lida ya ce kowa ci-ma-zaune ne. Cikin biyar ɗin nan daga baya na gano ɗaya wayarsa ƴar raka-ni-kashi ce, bai ma san me ake a guruf ɗin ba, ɗaya kuma mahaifiyarta ce kwance a asibiti ita ke jinya, ban tambaya ba sai haushinsu nake ji a zuci, wannan laifina ne. Wanda ba shi da data ai yana da ƙafar zuwa laburare, mai jinya a ba ta abin da za ta iya daga baya ko a sanar da malami uzurinta, shi ya yanke.

Shi kuwa mai kwana a majalisa da gidan kallon ƙwallo, ka ja shi gefe tun satin farko ku biyu, ban da tozarci a gaban mutane, ka ce ɗan uwa ga kasonka ga rana, in babu ba zan iya sa sunanka ba. Hadisin Anas a Bukhari ya ce ka taimaki ɗan uwanka ko shi ne azzalumin, aka ce ta yaya, ya ce ka hana shi zaluncin. Zai yi fushi, ƙila garinku ɗaya ma ku haɗu a mota ranar kasuwa ya ɗauke kai, ka daure.

Wannan zangon an sake ba ni lida. Ranar farko na yage takarda a littafina muka rubuta sunan kowa da kasonsa da ranar da zai kawo, kowa ya sa hannu, na ce da ita zan haɗa in kai wa malam.