La'anar Nuhu ba ta faɗa wa baƙar fata ba

Abin yana damuna idan na ji ana cewa Littafi Mai Tsarki ya hukunta wa baƙar fata bauta, wai Nuhu ya la'anci ɗansa Ham, 'yan Afirka kuwa zuriyar Ham ne. Masu wannan magana ba su ƙirƙire ta ba, gadonta suka yi, domin masu bayi a jihohin kudu na ƙasar Amurka sun daɗe suna kafa hujja da ita kafin yaƙin basasar 1861.

Amma a Farawa 9:25 wanda aka la'anta shi ne Kan'ana, ɗaya daga cikin 'ya'yan Ham huɗu, kuma labarin bai ambaci launin fata ba ko kaɗan. Kush, wani ɗan Ham wanda ake danganta mutanen da ke kudu da Masar da shi, ba ya cikin la'anar. Kan'aniyawa kuwa mazauna ƙasar da Isra'ilawa suka shiga ne, ba mutanen Afirka ba. A Littafin Ƙidaya sura 12, da Maryamu ta soki ɗan'uwanta Musa saboda ya auri mace Bakushiya, ita ce kuturta ta kama.

Gaskiya ne littafin bai haramta bauta ba, domin Littafin Firistoci 25:44-46 ya yarda a sayi bayi daga al'ummai maƙwabta, sai dai bai ɗora ta a kan launi ba. Fitowa 21:16 ma ta yanke hukuncin kisa ga wanda ya saci mutum ya sayar, satar mutane kuwa ita ce ginshiƙin cinikin bayin da aka yi ta tekun Atlantika.