Kyanwa ba kishin jariri take yi ba

An haihu a gida, sai kyanwar da ta daɗe tana zuwa kwanon yashinta don kashi da fitsari ta fara fitsari a kan katifa ko tulin wanki. Nan da nan a ce kishin jariri take yi. Ba haka ba ne, tsoro ne da damuwa.

Kyanwa dabba ce mai son abin da ta saba. Ga kukan jariri cikin dare, ga 'yan barka cike da ɗaki, ga turaren wuta, wataƙila ma an ɗauke kwanon yashinta an kai lungu. Sai ta nemi inda warin mai gidanta yake, don hankalinta ya kwanta. Duka ko tsawa ƙara mata firgici kawai suke yi.

A mayar da kwanon wuri mai shiru, a ƙara na biyu, a kwashe kashin kullum. A ba ta wajen ɓuya, a ware mata minti 10 na wasa.

Amma a fara da likitan dabbobi, domin damuwa na iya kumbura mafitsara. Muzurun da ke yunƙuri fitsari bai fita ba, a kai shi wurin likita nan take, toshewar na kisa.